Yadda za ka gano gubar seleniyam a kududdufin kifinka

Masu kiwon kifi a Garwa da kewayen Lagdo sun saba da cewa in ruwa ya ɓaci, kifi zai taso sama yana haki. Seleniyam ba haka yake kisa ba. Uwar tarwada za ta ci ta yi ƙiba, ka matse ƙwai kamar kullum, sai 'ya'yan su ƙyanƙyashe da lanƙwasasshen baya. Seleniyam sinadari ne da jikin kifi ke buƙata, amma ɗan kaɗan, bai kai miligiram 1 a kilo na abinci ba. In ya yi yawa sai ya shiga gurbin farar wuta a cikin furotin, uwa ta zuba shi a gwaiduwar ƙwai, ɗa ya sha shi tun bai fara cin abinci ba.

Saboda haka ka fara dubawa daga wurin ƙyanƙyasa. Kwana biyu zuwa biyar bayan fitowarsu, ɗebi 'ya'ya ɗari a farin faranti, ka kai su haske. Ƙirga masu karkatacciyar ƙashin baya, masu kumburin ruwa a ciki ko a gefen zuciya, masu gajeren muƙamuƙi, da waɗanda idonsu ya firfito ko ya yi fari. Rubuta adadin, da uwar da ta ba da ƙwan, da kududdufin da ta fito. Yi haka sau uku ko huɗu. Kada ka yi saurin yanke hukunci, domin ƙarancin bitamin C, da zafin ruwa, da haɗa kifaye 'yan uwa ɗaya duk suna lanƙwasa baya. Abin da zai sa ka zargi seleniyam shi ne ka ga uwayen kududdufi ɗaya suna ta maimaita nakasar, na wani kududdufin kuwa lafiya lau, alhali randar ƙyanƙyasa ɗaya ce.

Daga nan sai ka bi ruwanka zuwa tushensa. A nan yawancinmu muke sakaci, in dai ruwa ya zo kyauta ba ma tambaya. Seleniyam yana fitowa daga tokar kwal, da ramukan haƙar ma'adinai, da dattin ruwan matatar mai, da ruwan da ya wanke gonar rani in ƙasar tana ɗauke da shi. A Amurka, tafkin Belews da ke Karolina ta Arewa ya karɓi ruwan tokar wata tashar lantarki tun 1974, cikin 'yan shekaru aka rasa 19 daga cikin nau'in kifi 20 da ke ciki. A tafkin Kesterson da ke Kalifoniya kuwa ragowar ruwan ban ruwa ne ya taru yana ƙafewa, a 1983 aka fara tsintar 'yan tsuntsayen ruwa marasa ido ko ƙafa. Wannan na biyun shi ne darasinmu. Wanda ke tara ragowar ruwan shinkafa a Maga ko Lagdo, ya bar shi ranar Maris da Afrilu na shanye shi, duk gishirin da ke ciki, har da seleniyam in akwai shi, ƙara kauri yake yi.

Duba buhun abinci ma. Masu haɗa nasu da dussa da ƙuli-ƙuli sukan zuba garin bitamin da ma'adinai ba tare da awo ba, wasu har su ninka don kifi ya yi saurin girma. Akwai seleniyam a cikin garin nan. Sayi ƙaramin sikeli, ka bi awon da ke jikin leda, ka fara cakuɗa shi da ɗan gari kafin ka juye a babban haɗi.

In zargi ya yi ƙarfi, sai gwaji. Tuntuɓi jami'in kiwo da kamun kifi na yankinku ya haɗa ka da ɗakin gwajin da ke auna ƙarafa. Aika ƙwai da tsoka a leda mai tsabta cikin ƙanƙara, kada ka tsaya kan ruwa kaɗai, domin ta gansakuka da tsutsotsin laka gubar ke hawa har ta kai ga kifi. Ka ce a ba ka sakamako a busasshen nauyi, wato nauyin ƙwai ko tsoka bayan an busar da su. Ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 2016 shi ne miligiram 15.1 a kilo na ƙwai, 11.3 a tsoka, ruwa tsayayye kuwa maikirogiram 1.5 a lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa ɗan Adam har maikirogiram 40 a kowace lita ta ruwan sha, wato ruwan da ka sha ka kwana lafiya zai iya hana karfasa haihuwa.

Idan awo ya haura, sauya ruwa zuwa rijiya ko kogi mai gudu, ka sayo sababbin uwaye daga wani wuri. Zubar da ruwa kaɗai bai isa ba, domin a laka seleniyam yake kwanciya. A Belews an daina zubar da tokar a 1986, bayan shekara goma ana ganinsa a ƙwan kifi. Busar da kududdufin, kwashe lakar ƙasa, ka jibge ta a tudu inda ruwan damina ba zai mayar da ita fadama ba.