Darasi na Tara: Nawa Kare Yake Ci a Wata?

Shekarar da ɓarayin awaki suka addabi unguwarmu, gidaje da yawa sun nemi kare. Ni ma na nema. Wani abokina mafarauci ya kawo mini kwikwiyo a cikin kwali, ja mai farin ƙirji, bai fi wata biyu da haihuwa ba. Na tambaye shi nawa zan biya, ya ce, "Haba Malam, ai kyauta ne." Na yi godiya, ina murna na samu mai gadi ba tare da na kashe ko kwabo ba.

Da na shiga da shi gida, uwargida ta leƙa kwalin, ta dube ni ta ce, "Malam, shi kuma wannan baƙon, daga tukunyar wa zai ci?"

Tambayarta ita ce darasinmu na yau. Za mu yi karatu, mu yi lissafi, mu gano abin da kare ɗaya yake ci wa mai shi kowane wata. Ko ba ka da niyyar riƙe kare, ka tsaya a yi da kai, domin da irin wannan lissafin ake auna kiwon akuya, da kaji, da jaki.

Kalmomin da za mu rubuta a allo

kare, karya, kwikwiyo, ƙuma, kaska, sarƙa, ƙashi, rigakafi, asusu

Ku lura da bambancin k da ƙ. A "kare" da "kaska" babu lanƙwasa a kan harafin. A "ƙuma" da "ƙashi" akwai. Wanda ya rubuta "ƙare" a maimakon "kare" ya canza magana gaba ɗaya.

Abinci

Mutane da yawa suna cewa kare ba ya buƙatar cefane, ragowar tuwo da ƙanzo sun ishe shi. Gidan da ake tuƙa tuwo da yawa, wataƙila ya samu ɗan abin taɓawa. Amma a yau gida nawa ne tuwo yake kwana? Yara suna jiran ɗumame da safe, almajiri yana bakin ƙofa. Karen da aka bari ga ragowa, rabin kwanakinsa da yunwa yake kwana. Idan ya ji yunwa zai fita bola, zai kama kajin maƙwabta, kuma ɓarawon da ya jefa masa ɗan nama ya gama da shi. Mai gadin da ke jin yunwa ba ya gadi.

Saboda haka a ware masa nasa awon. Babban kare yana cin abinci sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu, kaɗan-kaɗan. Tuwon masara ko na dawa yana cika masa ciki, amma shi kaɗai ba ya gina jiki. Yana buƙatar abin da ya fito daga dabba. A kwata ana samun huhu, da tumbi, da guntayen da mahauta ke warewa, da araha fiye da tsoka. A dafa su a zuba masa romon a kan tuwo. Garin busasshen kifi ma yana yi.

Akwai abin da ba a ba kare ko da kyauta aka samu. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa kamar tsinke, yana iya maƙale masa a wuya ko ya huda hanji. Albasa mai yawa tana lalata masa jini, don haka ragowar miyar da ta sha albasa ba tasa ba ce. Cakulan guba ce a gare shi. Mushen dabba kuwa a binne, kada a jefa masa.

Ruwa ba ya cin kuɗi sosai, amma shi aka fi mantawa. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu. Da haki yake rage zafi, shi ya sa kuke ganin ya zaro harshe. A watan Maris da Afrilu, karen da aka ɗaure a rana babu ruwa yana iya mutuwa kafin la'asar. A ajiye masa kwanonsa daban a inuwa, a cika safe da yamma, kuma kada a haɗa shi da kwanukan gida.

Ƙuma, kaska da tsutsar ciki

Da damina kaska tana cika kunnen kare da tsakanin yatsunsa. Tana shan jini, tana kuma sa masa zazzaɓi. Ana yi masa wanka, a sa maganin da aka yi domin karnuka. A nan ina roƙonku abu ɗaya: kada ku fesa masa maganin ƙwarin gona ko fiya-fiya. Na ga karen da aka yi wa haka. Ya lashi jikinsa, ya yi ta dalalar da miyau yana karkarwa, bai kai dare ba. Haka nan kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, wasunsu suna lalata masa hanta da ƙoda.

Maganin tsutsa kuma duk wata uku ake ba babban kare. Ba don shi kaɗai ba ne. Ƙwan tsutsar yana fita a kashinsa, ya zauna a ƙasar tsakar gida, inda yaro mai rarrafe yake wasa yana kai hannu baki.

Allurar da ba a tsallakewa

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan na yi kuskure.

Karena ya shekara biyu ban kai shi an yi masa allurar rigakafin ciwon hauka ba. Kullum ina cewa sai an yi albashi. Wata rana da yamma ɗan maƙwabcina ya shigo ɗaukar ƙwallo, karen ya cafke shi a ƙauri. Ciwon bai yi zurfi ba, haƙori biyu ne suka shiga. A asibiti tambayar farko da aka yi mini ita ce, "Ina katin rigakafin karen?" Ba ni da shi. Dole aka fara yi wa yaron allurai, kuma ba sau ɗaya ake yi ba, ana komawa a ranaku daban-daban. Ni na biya, da kuɗin mota, da komai. Abin da na kashe ya ninka kuɗin allurar kare sau da yawa. Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Kwana goma aka ce in tsare karen in sa masa ido, ko zai canza hali. A kwana goman nan ban yi barcin kirki ba, kuma na kasa haɗa ido da mahaifin yaron a masallaci. Allah Ya rufa asiri, karen lafiyarsa ƙalau, yaron ma ya warke.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. Ƙwayar cutar tana cikin miyan dabbar da ta kamu. Idan ta shiga ta wurin cizo, tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci tana ɗaukar wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya kawai, wani lokaci har shekara. Ciwon cizon zai warke, mutum ya manta. Ranar da alamu suka bayyana, mutum ya fara firgita yana tsoron ruwa, to kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga kare suke samunta.

Maganin abin yana hannun mai kare. Kwikwiyo yana karɓar allurar farko idan ya cika wata uku, daga nan kuma sau ɗaya a shekara. A Najeriya ana haɗa wannan allura a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda take aiki tun 1924. Ana samunta a asibitocin dabbobi na gwamnati da na masu zaman kansu, da na jami'o'i irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, kuma a wurare da dama likitocin dabbobi suna yin allurar kyauta a wannan lokaci. Ku kasa kunne a rediyo. Idan an yi, ku karɓi kati, ku adana shi tare da takardun gida.

Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko barkono, kada a jira a ga abin da zai faru.

Akwai wata allurar ta daban da ake fara yi wa kwikwiyo tun yana mako shida zuwa takwas, wadda take kare shi daga amai da gudawa mai jini. Wannan ciwon yana kashe 'yan kwikwiyo da yawa cikin 'yan kwanaki.

Mu yi lissafi

Farashin Kano daban, na Maraɗi daban, na bara daban da na bana. Lambobin da ke ƙasa misali ne domin mu koyi hanyar. A gida kowa zai sa farashin kasuwarsu.

A ce garin tuwon kare na rana ɗaya naira 300 ne. A kwana 30: 300 × 30 = 9,000.

A ce ana sayo masa kayan kwata na naira 500 sau biyu a mako. A mako 1,000 ke nan. A mako huɗu: 4,000.

Sabulu da maganin kaska, a ce 1,500 a wata.

Yanzu ga inda mutane suke ruɗewa. Wasu kuɗaɗen ba kowane wata ake biyansu ba, sai a manta da su, su zo wa mutum babu shiri. Dabarar ita ce a raba su a kan watanni. A ce maganin tsutsa 1,500 ne duk wata uku: 1,500 ÷ 3 = 500 a wata. A ce allurar rigakafi 6,000 ce a shekara: 6,000 ÷ 12 = 500 a wata. Wannan naira 1,000 a jefa ta a asusu kowane wata. Ranar allura sai a fasa.

A ƙara 2,000 na ko-ta-kwana, domin kare yana jin ciwo, yana rashin lafiya, yana kuma yin ɓarna da za a ce ka biya.

9,000 + 4,000 + 1,500 + 500 + 500 + 2,000 = 17,500

A shekarar 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000. Ku raba 70,000 gida huɗu, ku ga abin da zai fito. A wannan misali namu, kare ɗaya ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na albashin ƙaramin ma'aikaci. Kuma karen da ake kula da shi yana iya kai shekara goma ko fiye.

Ban sa sarƙa, da kwano biyu, da 'yar rumfar da zai fake ba, domin su sau ɗaya ake saye. Ban sa abincin kanti na buhu ba, irin wanda masu manyan karnukan ƙasashen waje suke saye. Wanda ya bi wannan hanya lissafinsa zai wuce namu nesa. A ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya riƙi karen gida. Ya saba da zafinmu, ya fi jure ciwo, kuma haushinsa yana tashin mai barci kamar na kowane kare.

Idan karya ce, a ƙara tunani. Cikinta wata biyu ne kacal, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kuma ba ɗaya take haifa ba. Baki ɗaya ya zama shida ko bakwai. Likitan dabbobi yana iya yi mata aikin da zai tsayar da haihuwa, namiji kuma a fiɗiye shi, ya rage yawo da faɗa. Zubar da 'yan kwikwiyo a bola ba mafita ba ce. Su ne suke girma su zama karnukan titi marasa rigakafi, su dawo su ciji 'ya'yanmu.

Malamanmu sun yi bayani cewa an yarda a riƙi kare domin farauta, da kiwo, da tsaron gona, da yawansu kuma sun haɗa da tsaron gida idan akwai buƙata. Mun kuma ji hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da ka ɗaure ba ta iya fita neman abinci, cinta da shanta suna wuyanka. Wanda ya yi lissafi ya ga ba zai iya ba, ya gyara katanga, ya sayi kwaɗo mai kyau, ko su haɗa kuɗin ɗan sintiri da maƙwabta. Babu abin kunya a ciki.

Aikin aji da na gida

1. Ku karanta labarin farko da ƙarfi, mutum biyu-biyu. Ɗaya ya zama maigida, ɗaya uwargida.

2. Wata nawa kwikwiyo zai cika kafin a yi masa allurar ciwon hauka? Minti nawa ake wanke cizon kare?

3. A misalinmu kare yana cin 17,500 a wata. Nawa ke nan a shekara?

4. Idan garin tuwo ya tashi daga 300 zuwa 400 a rana, nawa jimillar wata za ta koma?

5. Ku je kasuwa ku tambayi kuɗin kwanon masara, ku tambayi mahauci kuɗin huhu da tumbi. Ku rubuta a littafinku, ku sake lissafin da farashin garinku.

6. Ku nemo inda asibitin dabbobi mafi kusa da ku yake, ku tambayi kuɗin allurar rigakafi da ranakun da ake yi. Ku rubuto sunan wurin da hannunku, ku zo da shi aji mako mai zuwa. Wanda yake da kare a gida ya zo da katinsa.