Idan ɗan wasa ya bugu a kai: abin da ake yi a bakin fili da kuma a gida

Shekara 11 ke nan ina riƙe da jakar magani ta ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Kano. Da safe ina aikin jinya, bayan la'asar ina bakin fili. Filin namu ba ciyawa, ƙasa ce mai tauri kamar daɓe. Targaɗe da gocewar ƙashi na gan su ba adadi, amma raunin da ke hana ni barci shi ne na kai, domin shi ne ake ji a miƙe ana murmushi, jama'a na tafi.

Duk wanda ya taɓa fasa kan rago da Babbar Sallah ya san taushin ƙwaƙwalwa. Ta ɗan Adam ma haka take, nauyinta wajen kilo 1.4, tana zaune cikin ɗan ruwa a ƙoƙon kai. Ka ɗauki ƙwarya cike da kindirmo ka rufe, ka girgiza da ƙarfi. Ƙwaryar ba ta fashe ba, amma kindirmon ya dagule. Haka ke faruwa idan kawuna biyu suka haɗu a sama wajen bugun kwana: ƙoƙo ya tsaya cak, ƙwaƙwalwa ta ci gaba ta daki bango. Ba sai an bugi kan ba ma. Gwiwar hannu a haɓa, ko faɗuwa da baya har ƙeya ta fizgu, sun isa. 'Yan dambe sun daɗe da sanin haka, shi ya sa haɓa suke nema.

Da zarar yaro ya faɗi, abin farko da zan yi shi ne korar jama'a. Al'adarmu a ruga, wannan ya kama hannu, wancan ya ɗaga ƙafa, wani ya fasa piya wata a fuskarsa, wani yana jijjiga shi yana kiran sunansa. Duk bugun da ya isa ya sumar da mutum ya isa ya taɓa ƙashin wuya, kuma ɗagawar gaggawa na iya shanye masa jiki har abada. Ka durƙusa ta saman kansa, ka riƙe kan da tafin hannu biyu yadda ka same shi, ka duba ko ƙirjinsa na motsi. Idan yana amai, ku uku ku mirgina shi gefe gaba ɗaya kamar gungume, kai da wuya da baya a layi guda. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki da sunan zai haɗiye harshe. Harshe ba ya haɗiyuwa, saki yake ya toshe hanyar iska, kuma tura muƙamuƙi gaba a hankali yana buɗe ta.

Yawancin masu girgizar ƙwaƙwalwa ba sa suma ko kaɗan, kuma nan ne ake yaudaruwa. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2014 a filin Maracanã na Brazil, Christoph Kramer na Jamus ya bugi kafaɗar Ezequiel Garay na Ajantina. Ya tashi ya ci gaba da wasa kusan minti 14. Daga baya alƙalin wasa Nicola Rizzoli ya ce Kramer ya zo yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Mutum yana gudu, yana karɓar ƙwallo, bai san wasan da yake bugawa ba.

Don haka ban tambayi yaro "Lafiya?" domin amsar kullum ɗaya ce: "Yaya, wallahi ba komai, bari in koma." Ina tambayarsa abin da sai ƙwaƙwalwa mai aiki za ta amsa. A wane fili muke? An tafi hutun rabin lokaci ko tukuna? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Da wa muka buga makon jiya, mun ci ko an ci mu? Idan ya kuskure guda ɗaya, ko ya tsaya yana kallona kamar baƙo, ko ya yi tangaɗi, ko ya ce haske na damunsa, ya gama wasan ranar. Ko ya amsa duka, in zuciyata ba ta kwanta ba, benci zai zauna. Koci zai ɓata rai, musamman in ana bin mu ɗaya, amma tun daga Yulin 2024 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta amince da ƙarin canji na dindindin saboda bugun kai. Turawan ma sun ga abin da muke gani.

Akwai wuri guda da nake so kowa ya sani. Ka ɗora yatsa tsakanin gefen ido da saman kunne. Ƙashin wurin siriri ne, kuma jijiyar jini na bi ta ƙarƙashinsa. In ta tsinke, jini yana taruwa a hankali tsakanin ƙashi da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, mutum kuwa yana ta hira. Wani yaronmu ɗan shekara 15 ya sha gwiwar hannu daidai nan. Ya ɗan kwanta, ya tashi, ya yi magana sarai, na bar shi ya ƙarasa wasa. Bayan isha'i mahaifiyarsa ta aiko a kira ni. Na same shi a tabarma ya yi amai sau uku, ana tashinsa yana komawa barci. Na haska masa fitilar waya, baƙin idonsa na dama ya fi na hagu buɗewa. Na ce, "Umma, ɗauko mayafinki, yanzu za mu tafi." Hoton kai na CT ya nuna jini, a daren aka yi masa aiki, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni na mayar da shi fili, kuma har yau ina tuna wannan.

Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tayarwa, jijjiga, magana na harɗewa, hannu ko ƙafa sun rasa ƙarfi, farin ruwa ko jini daga kunne, ciwon wuya: kowane ɗaya daga cikinsu ya wuce kemis. Asibitin da ke da na'urar CT da likitan ƙwaƙwalwa za a nufa kai tsaye, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma a mota a kwance, ba a kan babur ba.

Raunin fuska ya fi tayar da hankali a ido. Rotse na zubar da jini sosai don fatar kai cike take da jijiyoyi. A danne da tsumma mai tsabta minti 10, kada a zuba ƙasa ko toka. In ka ji wurin ya lotsa, kada ka danna tsakiyarsa. Mai haɓo ya sunkuya gaba, ya matse taushin hancinsa minti 10 zuwa 15 ba tare da leƙawa ba. Ɗaga kai sama jinin yake turawa ciki ya jawo amai.

Takunkumin da Victor Osimhen ke sawa ya samo asali daga watan Nuwamba 2021, lokacin da ya yi karo da Milan Škriniar a wasan Napoli da Inter, ƙashin kunci da na ramin ido suka karye, aka sa masa farantan ƙarfe 6 da kusoshi 18. In yaro ya ce kuncinsa da leɓen sama sun mutu, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko haƙoransa ba sa haɗuwa daidai, irin wannan karayar nake zargi. Kada ya fyace hanci, iska na iya shiga bayan ido. Haƙori kuma in ya fita, a riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a ɗauraye kaɗan, a mayar gurbinsa ko a jefa cikin madara, a kai wa likitan haƙori cikin awa guda. Haƙorin yarinta ba a mayar da shi.

Wanda aka sallama gida, wani babba ya kwana kusa da shi, yana duba numfashinsa da yadda yake amsawa. Farasitamol kawai a ranar farko. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna iya ƙara zubar jini, tiramol kuma yana ɓoye alamun da muke jira mu gani. Kwana biyu na farko ya rage waya da talabijin, kada ya tuƙa babur. Bayan nan tafiya a ƙafa, sai sassarfa, sai taɓa ƙwallo shi kaɗai, sai atisaye ba karo, kowane mataki aƙalla kwana guda, in ciwon kai ya dawo a koma baya. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 don ƙananan ƙungiyoyi ta hana shiga gasa kafin kwana 21, kuma ita nake bi. Ina rubuta ranar a littafin da ke cikin jakata, in nuna wa koci, in je gida in nuna wa mahaifin yaron.