Kurakuran da ke kashe jar ɗoɗɗoyar Iran a gidajenmu na Sakkwato

Tun da na fara raba irin jar ɗoɗɗoyar nan ta Iran, wadda su can suke kira raihan, sunan da muka saba ji a Suratur Rahman, da wuya wata ya wuce wata ba ta aiko min da hoton tukunya da busasshen kara a tsaye ba, tana tambayar me ya faru. Bakina ya gaji da maimaita amsa, bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Na fara da wanda ya ci ni da kaina, wato lokacin shuka. Irin farko da na samu ƙanena ne ya kawo min a ɗan ƙullin leda, bai cika cokalin shayi ba. Don ɗoki na watsa shi duka a ƙarshen Maris. Wanda ya san garin nan ya san halin da ake ciki a Afrilu, zafi ya haura digiri 40, iska kamar daga bakin murhu take fitowa. An ce min ɗoɗɗoya mai son rana ce, kuma ba ƙarya aka yi ba, sai dai tsiron kwana goma bai isa ya tsaya wa ranar azahar ɗinmu ba. Cikin kwana uku suka ƙone ƙurmus. 'Yan ƙwayoyin da suka maƙale a jikin ledar su suka cece ni. Yanzu sau biyu nake shuka: idan damina ta zauna a Yuli, sai kuma Oktoba, don ta yi ƙwari kafin hunturu, saboda sanyin dare na tsayar da girmanta. In bazara ta tarar da ita a raye, nakan ja tukunyar gindin bangon da ke samun hantsi, inuwa ta rufe ta daga azahar. Amma kada tsoron rana ya sa ki kai ta ƙarƙashin dogon yaro ta wuni a inuwa. Za ta miƙe siririya, launin makubar da kika shuka ta dominsa ya koɗe ya koma kore-kore.

Irin ƙanana ne ƙwarai, kada a binne shi kamar masara. A barbaɗa, a rufe da ƙasa sama-sama, cikin mako guda zuwa kwana 10 zai fito. Tukunyar da ba a huda gindinta ba, saiwa ruɓewa take yi. Ɗanyen kashin kaji ƙone ta yake yi, sai wanda ya daɗe ya huce. Akuya kuwa, in ta kai bakinta ga tukunyar, ba sai na faɗa ba.

Sai babban laifin, tausayi. Na je gidan wata ƙawata na tarar da tata ta yi tsayi sanda ɗaya tal, ƙasa tsirara, sama fure. Na ce Hajiya, me ya sa ba ki yanke ba? Wai tana jin tausayinta, ganyen ƙasa kawai take tsinka ɗaya-ɗaya. Haba! Ai wannan shi ne kashe ta a tsaye. Ɗoɗɗoya da ta yi fure ta fara iri, ƙarfinta can yake tafiya, sabon ganye ya ragu, wanda ke akwai ya yi tauri, ɗanɗanonsa ya canza. Ni da zarar ta kai taƙi ɗaya nake sa farce in datse kanta, daidai saman inda ganye biyu suka fuskanci juna. Daga hammatar ganyen nan rassa biyu za su fito, su ma in sun miƙe in datse su. Haka ake samun ta cika tukunya. Duk safiya ina shayar da ita ina duba kanta, na ga alamar fure na tsinke, ba na jiran gobe.

Tushe ɗaya kawai nake bari ya yi iri, shi ma nesa da ɗoɗɗoyarmu ta gida. Shekarar da na jera su wuri guda, zuma ta yi ta kai da kawo tsakanin furanninsu, irin da na ajiye ya fito dabbare-dabbare.

A kicin ma ana ɓarna. Firji baƙanta ganyen yake yi. A tsoma karan a kofin ruwa a ajiye a inuwa. Kuma kada a jefa shi a miya tun tana tafasar farko, ƙamshin bin tururi zai yi. Mutanen Iran ɗanye suke cin sa, a faranti ɗaya da na'ana'a da sauran ganyaye, tare da gurasa da cuku ko gasasshen nama. Ni da tsire nake haɗa shi, ko in yayyanka kan kwaɗon zogale. Yara kuwa abin da ke burge su shi ne in jiƙa ganyen a ruwan zafi, in matsa lemun tsami a gabansu, ruwan ya juye ya koma ruwan hoda.