Wuni guda a tsibirin Waiheke: zamiyar igiya da safe, gonakin inabi bayan azahar

Waiheke tsibiri ne a mashigin tekun Hauraki, kusan kilomita 20 daga tsakiyar birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan. Faɗinsa murabba'in kilomita 92 ne, ga tuddai, ga gonakin inabi wajen talatin da ake yin giya a cikinsu. A taswira sai ka ɗauka wuri ne da za a zagaye kafin la'asar, amma hanyoyinsa ƙanana ne masu lanƙwasa, kuma jirgin fito ne ke yanka maka lokaci tun daga safe har dare. Wanda yake so ya haɗa zamiyar igiya (wato a rataya mutum da ɗamara a jikin wayar ƙarfe ya zame daga tudu zuwa ƙasa) da ziyarar gonakin inabi a rana ɗaya, abu biyu zai riƙe: igiya ce farko, kuma gona biyu sun isa.

Jirgi da lokaci

Jirgin fasinja na kamfanin Fullers360 yana tashi daga tashar da ke titin Quay a Auckland, ya sauke mutane a Matiatia, tashar tsibirin, cikin minti 40 ko kusa da haka. Akwai kuma jirgin SeaLink mai ɗaukar motoci, wanda ke tashi daga Half Moon Bay zuwa Kennedy Point, amma ga mai wuni ɗaya ɗawainiya ce kawai, musamman idan a cikin tawagar akwai masu ɗanɗana giya.

Ka fara kama gurbin zamiya ta intanet, sannan ka zaɓi jirgin da ya dace da shi. Mutane da yawa suna juya wannan tsari, sai su sauka a Matiatia su tarar gurbin safe ya cika, saura na yamma, shi ke nan ranar ta birkice. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin zafi a can, kuma a nan ne layin shiga jirgi ke tsawo, har jirgi ya cika ya bar mutane a tsaye. A irin wannan lokaci ka isa tasha da rabin awa a hannu. Daga Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwa, babu cunkoso, sai dai wasu gonakin suna rage ranakun buɗewa, don haka a duba kafin a fito. Maris da Afrilu sun fi daɗi a ganinmu: zafi ya sassauta, kuma lokacin tsinkar inabi ne.

Kafin shiga jirgi a kakkaɓe jaka, a goge ƙasan takalmi. Ba tsirfa ba ce. Tsibiran wannan yanki ana kare su daga ɓeraye da tururuwa da wata cuta da ke kashe itacen kauri, wadda ke yaɗuwa ta ƙasar da ta manne a takalmi. Inda duk ka ga burushi da maganin fesawa a bakin hanya, ka tsaya ka yi amfani da su.

Abin da za a sa a jiki

A nan ne namu suka fi samun matsala. Ɗamarar tsaro tana zagaye ƙugu da cinyoyi biyu, don haka babbar riga, jallabiya, zani da doguwar abaya ba za su yiwu ba. Wando ake so, mai kauri kaɗan wanda ya sauka ƙasa da gwiwa, domin madaurin cinya yana gurzar fata idan wandon gajere ne. Mace za ta iya sa wando da riga mai sauka zuwa cinya, ta riƙo abayarta a jaka ta mayar bayan an gama. Ƙaramin hijabi mai kama kai yana shiga ƙarƙashin hular kwano lafiya lau, amma a cusa gefensa cikin wuyan riga. Mayafi mai kaɗawa, dogon gashi da igiyar hular sanyi duk abu ɗaya ake gudu a kansu, kada tayar da ke gudu a kan waya ta cafke su.

Takalmi rufaffe dole ne, silifa da sandal ba a yarda da su ba. A zazzage aljihu: waya, makulli, carbi, kuɗi. Abin da ya faɗa cikin kurmin da ke ƙasa ya tafi ke nan. Mai tabarau ya ɗaure shi da zare. A shafa man kariya daga rana ko da gari ya yi lumshi, kuma ko fatarka baƙa ce, domin hasken rana a Niyu Zilan yana ƙona fata fiye da yadda zafinsa ke nunawa. A riƙo gorar ruwa cike daga Auckland. Yawancin gidajen tsibirin da ruwan sama da suke tarawa a tanki suke rayuwa.

Zamiyar kanta

Can suna ce mata zipline, wasu kuma flying fox, kuma da waɗannan sunaye za ka neme ta. Wurin da aka sani a Waiheke shi ne EcoZip Adventures, a kan tudun Trig Hill ta ɓangaren Onetangi. Zango uku ne, kowanne kusan mita 200, kuma kowane zango wayoyi biyu ne gefe da gefe, yadda mutum biyu za su sauka tare. Na farko yana bi ta saman gonar inabi kuma shi ne mai sauƙi, sauran suna ƙara gangara ta saman daji. Ka ware awa uku, har da ɗauko ku da mayar da ku. Wajen biyan kuɗi ka tabbatar da inda motarsu za ta jira ka.

Nauyin da suke karɓa daga kilo 30 ne zuwa kilo 125, kuma mai juna biyu ba ta hawa. Kada ka rage nauyinka a takarda don kunya. An auna gangarar waya da birkinta ne a kan wannan iyaka: mai nauyi yana isa ƙarshe da gudu sosai, marar nauyi kuma, musamman in iska na busowa daga gaba, yakan tsaya kafin dandamali. Mai ciwon baya, ciwon zuciya ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan ya faɗa tun kafin ya biya.

Ma'aikaci ne zai ɗaura maka ɗamara, amma jikinka ne, ka lura. Madaurin ƙugu ya zauna sama da ƙashin kwatangwalo, ya kama yadda in ka tura shi ƙasa ba zai zame ba. Na cinya ya kama amma yatsu su iya shiga. Idan ya yi sako-sako, lokacin da nauyinka ya sauka a kai zai haura ya matse ka a inda ba ka so, kuma babu gyara sai ka isa ƙarshe. Hular kwano kada ta yi rawa in ka girgiza kai. Daga ɗamarar akwai igiya mai ƙugiya mai makulli da ake maƙalawa a jikin tayar ƙarfen da ke bisa waya. Wannan ƙugiya ba taka ba ce. Ma'aikaci ne ke maƙala ta, shi ne ke cire ta, kai ko taɓa ta kada ka yi.

A bakin dandamali ba tsalle ake yi ba. Zama ake yi a cikin ɗamarar kamar mai zama a kujera, har ka ji igiya ta ɗauki nauyinka, sannan ka ɗaga ƙafa idan an ba ka izini. Mai tsalle yana sa waya ta yi lilo, shi kuma ya yi ta juyawa. Hannu ya tsaya inda aka nuna maka, kada ya kai kan wayar ƙarfe ko kusa da taya. In kana son gudu ka dunƙule gwiwa zuwa ƙirji. In ka buɗe hannu da ƙafa iska za ta rage maka. Kusa da ƙarshe birki zai kama taya, jikinka ya yi gaba ya dawo, don haka ka ɗan jingina baya, kai nesa da waya, ƙafafu a ɗage. Idan ka tsaya a tsakiya, ka zauna shiru, su za su jawo ka. Wanda ya ruɗe ya kai hannu kan waya shi ne ke jin ciwo.

Tsoro ya fi yawa a zango na farko, a taku biyun nan na bakin katako. Mai fargaba ya nemi ya kasance cikin na farko-farko, domin tsayuwa ana kallon wasu ita ke ƙara kaɗa hanji.

Abin da mutane ba sa shiryawa shi ne dawowa. Ka sauka zango uku, to da ƙafa za ka hau, ta cikin tsohon daji tare da mai rakiya. Hanya ce mai kyau: ga dabinon daji da ake kira nīkau, ga tsuntsun tūī mai farin gashi a maƙogwaro yana kuka kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa, ga ɗan pīwakawaka da ke bin masu tafiya yana baza wutsiya don cafke ƙwarin da ƙafafunsu suka tayar. Amma hawa ne, kuma bayan ruwa akwai santsi. Wannan ma dalili ne na takalmin kirki.

Dalilin da ya sa igiya ke zuwa farko a fili yake: masu wurin ba sa ɗora wanda ya sha giya, kuma ko kaɗan ce tana rage saurin fahimtar umarni. Abinci mai nauyi ma a bar shi sai an sauko.

Gonakin inabi

Noman inabi a Waiheke ya soma ne a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Kim da Jeanette Goldwater suka dasa kurangarsu, sai Stephen White ya biyo da Stonyridge a farkon shekarun 1980. Tsibirin ya fi Auckland ɗumi da ƙarancin ruwan sama, shi ya sa jan inabi irin su Syrah, Merlot da Cabernet Sauvignon ke nuna sosai a can.

Zaɓen gona da taswira ake yi, ba da suna ba. A kwarin Onetangi, kusa da wurin zamiya, akwai Stonyridge, Te Motu da Tantalus kusa da juna. Can yamma kusa da tashar jirgi akwai Mudbrick da Cable Bay, inda ake hango Auckland a ƙetaren ruwa. Tsari mai kyau shi ne gona ɗaya a Onetangi don abincin rana, ɗaya a yamma da la'asar, yadda kana gamawa jirgi na kusa. Man O' War tana can ƙuryar gabas, hanyarta doguwa ce kuma wani ɓangare babu kwalta. Ta cancanci rana tata daban. A kama teburin abinci tun kafin ranar, musamman Asabar da Lahadi.

Da yawa daga masu karanta wannan ba sa shan giya, kuma ranarsu ba za ta ragu da komai ba. Tsibirin yana da gonakin zaitun da ake ɗanɗana mansu: a zuba kaɗan a ƙaramin kofi, a ɗumama shi a tafin hannu, a shinshina, a kurɓa. Man kirki sabo yana da ƙamshin ɗanyen ganye, da ɗan ɗaci, da yaji mai kama maƙogwaro har ya sa tari. Wannan tarin alamar inganci ce. A gidajen abinci na gonakin, kifi da kayan lambu sun fi sauƙi ga mai neman halal, amma a tambaya ko an dafa miyar da giya, domin hakan ruwan dare ne a irin girkinsu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zama inda ake sha ba, garin Oneroa na da wuraren cin abinci da shaguna, ga bakin tekun Onetangi mai tsawon kusan kilomita biyu. A riƙo dadduma ƙarama. Alƙibla daga nan yamma take, da ɗan karkata kudu, saɓanin gabas da aka saba a gida.

Ga masu ɗanɗana giya, ana jera kofuna daga fara zuwa ja, daga marar nauyi zuwa mai nauyi, mai zaƙi a ƙarshe, saboda ja mai ƙarfi tana dusashe harshe. A riƙe kofi ta ƙafarsa don kada hannu ya ɗumama shi, a juya shi a hankali, a shinshina, a kurɓi kaɗan a zagaya da shi baki. Akwai mazubin tofarwa a kan tebur, kuma tofarwa ba rashin ladabi ba ce, haka masu sana'ar ke yi. Turare mai ƙarfi a bar shi a masauki, yana toshe hancinka da na maƙwabcinka.

Lissafin da ke yaudarar mutane ga shi. In ana zuba mililita 30 sau biyar, mililita 150 ke nan a gona ɗaya. Gona uku sun kai 450, fiye da rabin kwalba mai 750, kafin a zo ga abin da aka sha da abinci, kuma a cikin rana bayan hawan tudu. Ruwa tsakanin kowane kofi, da abinci a ciki tukuna. Dokar ƙasar ta tsayar da miligiram 50 na barasa a kowane mililita 100 na jini ga direba mai shekara 20 zuwa sama, wanda bai kai 20 ba kuwa ko ɗigo. Keke mai lantarki da babur na haya ma ba mafita ba ne a kan waɗannan kwanoni, ga shi ana tuƙi ta hagu. Ba a sayar da giya ga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma baƙo fasfo ake nema a hannunsa, lasin tuƙin wata ƙasa ba ya wadatarwa.

Zirga-zirga da komawa

Bas ɗin hukumar Auckland Transport yana bin babbar hanya daga Matiatia ta Oneroa zuwa Onetangi, kusan rabin awa, kuma da kati ake biya, kamar katin AT HOP, ba da tsabar kuɗi ba. Akwai kuma bas na 'yan yawon buɗe ido mai tsayawa a ƙofar manyan gonaki. Tasi ba su da yawa, kuma da yamma kowa a lokaci ɗaya yake nema, don haka a yi alkawari da direba tun da rana. Wasu gonakin daga bakin titi sai an taka tudu kafin a kai ƙofa, a sa wannan cikin lissafi.

Ka duba jadawalin jirgin dawowa tun da safe, ka sa ran wanda ke gaban na ƙarshe da biyu, domin da yammacin lokacin zafi layin Matiatia yakan fi jirgi ɗaya. Kwalbar man zaitun ko wani abin ruwa da ka saya, idan jirgin sama za ka hau daga baya zuwa wata ƙasa, a naɗe ta da tufafi a tsakiyar babban akwati, domin jakar hannu ba ta wuce mililita 100 a kowane mazubi.