Yadda Ake Zubar da Amsoshin Kuskure a Tambayoyin Mandiƙi

Matasan Daura masu shirin jarrabawar neman aiki ta kwamfuta sukan koka da tambayoyin mandiƙi, wato na auna tunani, inda ake ba da ɗan bayani a ce a zaɓi abin da ya biyo bayansa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a fara da korar amsoshin da ba su tsaya ba, maimakon farautar ta daidai. Idan zaɓi huɗu ne, mai cinke yana da kashi 25 cikin ɗari na dacewa, amma da zarar ya kori biyu, damarsa ta koma kashi 50.

Da farko, ka karanta ainihin tambayar kafin bayanin, domin ka san ko ana neman abin da dole ya zama gaskiya ne ko abin da ke raunana hujja.

Bayan haka, idan abin da dole ya zama gaskiya ake nema, sai ka auna kowane zaɓi da bayanin da aka bayar kaɗai. A ce an rubuta: "Duk wanda ya ɗebi ruwa a rijiyar Kusugu ya shiga Daura, wani baƙo ya shiga Daura." Zaɓin da ya ce baƙon ya ɗebi ruwa a Kusugu ya juya maganar ne baibai, tunda dubban mutane suna shiga garin su ci kasuwa su fita ba tare da sun leƙa rijiyar ba. Abin da bayanin ya tabbatar shi ne, wanda bai shiga Daura ba bai ɗebi ruwan ba.

Tarkon da ya fi kama masu sani, a ganina, shi ne zaɓin da yake gaskiya ne amma ba daga bayanin ya fito ba. Idan wani zaɓi ya ce Kusugu na da alaƙa da labarin Bayajida, Badauri zai gyaɗa kai nan take, alhali bayanin bai ambaci Bayajida ba. Ka kore shi.

Sannan ka lura da ƙananan kalmomi. Idan bayani ya ce "wasu", zaɓin da ya ce "duk" ko "kullum" ya wuce gona da iri.

Idan biyu suka rage a tambayar da ke neman abin da dole ya zama gaskiya, ka ɗauki kowanne ka tambayi kanka ko bayanin zai iya zama gaskiya alhali wannan zaɓin ƙarya ne. Wanda hakan ya yiwu a kansa shi za ka zubar, ka danna ɗayan ka wuce gaba.