Idan ɗan haya ya taɓa ginin gidanka ba da izininka ba

'Yan'uwa masu gidajen haya, abu na farko shi ne kada ku yi aiki da fushi. Canza makulli, yanke wuta ko ruwa, ko fitar masa da kaya waje, a ƙasashe da yawa laifi ne, sai mai gaskiya ya koma wanda ake ƙara.

Ka sanar da shi ranar da za ka zo dubawa, ka ɗauki hotuna masu kwanan wata, ka kwatanta da waɗanda ka ɗauka kafin ya tare. (Wanda bai ɗauka ba, a nan zai gane kurensa.)

Sannan ka auna girman ɓarnar. Fenti ko ramin ƙusa ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Amma fasa bango, ƙara wayoyin lantarki ko karkatar da bututun ruwa, wannan kam sai ƙwararre ya duba, domin wani bangon shi ke ɗauke da nauyin rufi, waya marar kyau kuma gobara take jawowa. Ka karɓi ƙiyasin kuɗin gyaran a rubuce.

Daga nan ka rubuta masa takarda: ga abin da ya canza, ga sharaɗin yarjejeniyar da ya saɓa, ga wa'adin mayar da wurin yadda yake. Maganar baki tana da wuyar tabbatarwa. In kuwa canjin da ya yi ya ƙara wa gidan daraja, ni dai ina ganin a bar shi, ku sa hannu cewa zai tafi ya bar shi, kuma ba za a cire kuɗinsa daga haya ba.