In ka tsinci dabbar daji a kwance, ga abin da za ka yi

'Yan uwana mafarauta da makiyaya na wajen Maru da Ɗansadau, musamman masu kusantar dajin Kuyambana, don Allah ku saurara. Barewa ko gada mai lafiya ba ta tsayawa mutum ya kama ta da hannu, to in ka ga ta tsaya tana layi ko ka tarar da ita kwance, wallahi ba tsuntuwa ba ce, ciwo ne ya kayar da ita.

Da farko tsaya daga nesa ka duba. In akwai baƙin jini da bai daskare ba yana fita ta hanci ko baki ko dubura, ciki ya kumbura da wuri, ka zargi ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antiras, irin wanda ya ɓulla a wata gona a Suleja a 2023. Kada ka feɗe! Nan ne mutane ke kuskure, wai ko fatar a samu a sayar, alhali da zarar an buɗe cikin iska ta shiga sai ƙwayar cutar ta yi wa kanta sulke ta zauna a ƙasa shekaru da dama, shanunka su zo kiwo su kwasa, namun dajin da suka rage su ma su kwasa, kai kuma da ka taɓa ƙurji mai baƙin tsakiya ya fito maka a hannu.

Kori karnuka da garke daga wurin, ka rufe mushen da ƙaya, sannan ka sanar da mai unguwa da malamin dabbobi. Su za su ƙone shi ko su binne a rami mai zurfin kamar mita 2, nesa da tafki da rijiya. Shanu da tumaki kuma a kai su rigakafi duk shekara, maganin allurar a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ake haɗa shi.

Sai maganar ƙyafaffen naman daji da ake tallatawa a ɓoye ranar kasuwa. Ba ka ga yanka ba, ba ka san ko mushe ba ne ko guba aka zuba wa dabbar a mashaya, kuma wannan gubar na cikin abin da ya ƙarar mana da ungulu, waɗanda da can su ke share mushe kafin ya zama annoba. Ni dai na daina saye. In mai tallar ya matsa maka, tambaye shi wa ya yanka, a ina, yaushe.